Mujallun masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa: maigidan da ke zuwa ta gidan waya

Akwai wata sha'awa da mutanen Amurka da Ingila da Jamus da Japan suka ɗauka da zafi, mu nan ba mu cika saninta ba, wato mutum ya ƙera jirgin ƙasa ɗan mitsitsi da layinsa da tasharsa da gada da duwatsu da garin da yake ratsawa, duk a kan tebur ko a ɗakin ƙarƙashin gida, kuma jirgin ya riƙa tafiya da lantarki kaman na gaske. In ka gani a hoto za ka ce kayan wasan yara ne, amma yawancin masu yin abun manya ne, wasu ma da furfura, kuma mutum sai ya shekara ashirin yana gina gari ɗaya bai gama ba. Mawaƙin nan na Ingila Rod Stewart ya kwashe sama da shekara ashirin yana gina nasa birnin, har mujallar Model Railroader ta sa aikin a bangonta a 2007, Railway Modeller ma ta nuna shi a 2019. Toh ni abun da ya daɗe yana ja na a harkar nan ba jiragen ba ne kawai, tambayar ita ce, wa ya koya musu? Babu makarantar wannan aiki, babu shagon da uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi ya ce ga amana a koya masa. Amsar ita ce mujalla, kuma sama da shekara casa'in kenan tana wannan aikin.

Sai an fara fahimtar awo kafin a gane dalilin da ya sa mujallar ta zama dole. Ba wai kawai ka yi ƙaramin jirgi ba ne yanda ya zo maka, a'a, komai sai an rage shi da lissafi guda. Awon da ya fi yawa a duniya shi ne HO, ana raba girman abu na gaskiya gida 87 a ɗauki ɗaya. Tarago mai tsawon ƙafa 40 sai ya dawo wajen santimita 14, mutum tsayayye ya dawo santimita 2, ƙofar ɗaki mai mita biyu ta dawo milimita 23, tazarar da ke tsakanin ƙarafan layi biyu kuwa milimita 16.5. Akwai awon N wanda ya fi ƙanƙanta, gida 160, layinsa milimita 9, akwai O wanda ya fi girma, a Amurka gida 48. Yanzu ka duba, in ka kuskure milimita ɗaya tak a HO, kusan santimita 9 ka kuskure a abun gaskiya, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mai kallo zai ji taga ɗin nan ba daidai take ba ko da bai iya faɗin me ya same ta ba.

A wajenmu yaro in zai koyi kafinta ko ƙira ko ɗinki, zama yake a gaban maigida, yana miƙa zarto yana share shago, ido yana ɗauka tun kafin a bar hannu ya taɓa. Su kuwa waɗannan mutanen a warwatse suke, wani akawu ne a Ohio, wani manomi ne a Iowa, garinsu kaf ƙila shi kaɗai ne yake wannan abun, ya dawo daga aiki da dare ya sauka ɗakin ƙasa shi ɗaya. Wannan giɓin wani matashi mai suna Al Kalmbach ya gani a birnin Milwaukee. Lokacin ana tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka, shi kuma yana da ɗan wurin buga takardu kuma yana son jiragen nan, sai ya fitar da Model Railroader a watan Janairu 1934, bugun farko kwafi 272 ne kacal. Kafin shi da 'yan watanni, a 1933, an fara wata mai suna The Model Craftsman, wadda daga baya ta tattara hankalinta kan jiragen ƙasa ta koma Railroad Model Craftsman. Faransa ta samu Loco Revue a 1937, Jamus ta samu MIBA a 1948, Ingila kuma Railway Modeller a 1949. Kowace ƙasa da tata, saboda jiragen kowace ƙasa daban, kuma mutum jirgin da ya gani yana yaro shi yake so ya ƙera.

Zuciyar mujallar, a ganina, ba hotunan nan masu kyau na bango ba ne, zanen awo ne. Wani zai ɗauki tef da littafi ya tafi wata tsohuwar tasha ko ya samu tarago a ajiye a gefen layi, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ƙirga allunan jikin bango, ya auna tazarar taga da taga, wani lokaci kuma a nemo asalin zanen kamfanin jirgin, sannan mai zane ya mayar da shi daidai girman HO a shafi, gaba da gefe da sama. Mai karatu sai ya shimfiɗa shafin a kan tebur ya ɗora rula, abun da ya gani shi zai yanka, ba sai ya yi lissafi ba. Mutumin da bai taɓa zuwa Colorado ba sai ga shi yana gina tankin ruwan wata tashar Colorado daidai da yanda yake har adadin ƙafafunsa. Kuma ga wani abu da ke taɓa ni sosai, da yawa daga cikin gine-ginen nan an rushe su tuntuni, taragun an yanka an sayar wa 'yan gwangwan, abun da ya rage na siffarsu shi ne wannan zanen da wani ya bar hutunsa ya je ya auno. Akwai mujallar da aka fi saninta da wannan ma, Mainline Modeler ta Robert Hundman, wadda ta fito daga 1980 zuwa 2006, har yau mutane na neman tsofaffin bugunta saboda zanen.

Bayan zane sai bayanin aiki daki-daki. A nan ne mujallar take zama maigida sosai, dan ba ce maka kawai za a yi ga abun da na gina ba, a'a, za a lissafa maka kayan aiki, kauri kaza na katako, waya mai kauri kaza, gam iri kaza, fenti kala kaza, sannan hoto na ɗaya an yanka, na biyu an haɗa bango, na uku ga dabarar da za ka riƙe kusurwa ta tsaya cak kafin gam ya bushe, har inda marubucin ya ɓata ya sake yakan faɗa. Masu wannan harkar sun kasa aikin gida uku. Akwai mai ƙira daga tushe, shi da katako da kwali da farantin tagulla da dalma da magagari zai fitar da kan jirgi ko gini daga babu. Akwai mai haɗe-haɗe, ya sayi kayan haɗawa na kamfani kwali biyu ko uku, ya yanke bangon wannan ya ɗauki rufin wancan ya fitar da ginin da babu shi a kasuwa. Sai mai sayen gamamme, a buɗe kwali a ɗora a layi. Mujallun farko na mai ƙira daga tushe ne, tunda lokacin kayan kanti kaɗan ne kuma da tsada, lokacin yaƙin duniya na biyu ma da Amurka ta hana yin kayan wasa da ƙarfe, har kamfanin Lionel sai jirgin kwali ya fitar a 1943, mutane da katako da kwali da gwangwani suka ci gaba. Duk wanda ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya san wannan jin daɗin, bambancin kawai su sun sa rula a ciki kuma ba su daina ba da suka girma.

Dabaru da yawa da yanzu kowa ke yi kaman da su aka halicci sana'ar, a shafin mujalla suka fara yaɗuwa. Farantin roba da ake kira sitairin, wanda kake ja masa layi da wuƙa ka karya ya rabu sumul, wani Alan Armitage ne ya yi rubutu a kansa a Model Railroader a 1959 mutane suka raja'a. Linn Westcott, wanda ya riƙe editan mujallar daga 1961 zuwa 1977, shi ya yaɗa hanyar haɗa ƙafafun tebur da katako biyu a manne kaman harafin L, mara nauyi ga ƙarfi, da kuma yin duwatsu da takarda da aka tsoma a ruwan filasta a shimfiɗa ta bushe ta yi tauri. Ka ga a wajen maigida na gargajiya sirrin sana'a ɓoye shi ake, sai yaron da ya yi biyayya shekaru ake buɗe wa, a nan kuwa mutum ya gano dabara yau, burinsa kawai a buga ta kowa ya sani. Wannan ɗabi'ar tana burge ni matuƙa.

Kuma abun lura, yawancin masu rubutun ba 'yan jarida ba ne, masu karatun ne da kansu. Mutum ya yi aiki ya ɗauki hoto ya rubuta ya aika, edita ya duba awon ya gyara bayanin ya sa a sake zanen, a biya shi ɗan abun da ya samu. Misalin da ya fi kowanne shi ne John Allen na garin Monterey a California. Mai ɗaukar hoto ne, ya fara ɗan ƙaramin layi da ya sa wa suna Gorre & Daphetid, daga baya ya haƙe ƙarƙashin gidansa ya gina wanda duwatsunsa suka tashi tun daga daɓe har sama da kan mutum. A zamanin da kowa ke so jirginsa ya riƙa ƙyalli kaman yau ya fito daga kanti, shi sai ya riƙa tsufar da nasa da gangan, tsatsa, baƙin hayaƙi, fentin da rana ta cinye, allon da ya ɗan karkace, tunda jirgin gaskiya haka yake. Yana sa madubi a lungu wuri ya ninka a ido. Mutum nawa ne suka taɓa shiga ɗakin nan? Kaɗan ne in ka kwatanta da dubban da suka san kowace gada da ke ciki ta hotunan mujalla. Ya rasu a Janairu 1973, kwana goma bayan rasuwarsa gobara ta cinye aikin. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, aikin shekara kusan ashirin. Amma har yau ana koyon tsufar da tarago daga hannunsa, kuma ɗan wasan juya taragun da ya ƙirƙira, Timesaver, wanda Model Railroader ta buga a Nuwamba 1972, har yanzu ana gina shi.

Ba dabarar hannu kaɗai ake koya ba, har da tunani. A 1977 Railroad Model Craftsman, lokacin Tony Koester ne edita, ta jera rubutu kan layin Allen McClelland mai suna Virginian & Ohio. Abun da McClelland ya kawo shi ne kada ka kashe shekara uku kan tarago ɗaya sauran ɗakin na nan fayau, ka yi kowane abu iya yanda ya wadatar, komai ya zama matakinsu ɗaya, sannan ka tafiyar da jirgin kaman kamfanin gaske, da jadawali, da kaya masu zuwa daga wani wuri za su wani wuri. Masu ƙira daga tushe wasu ba su so ba, suna ganin sassauci ne, amma wannan maganar ta 'yantar da mutane da yawa da tsoron rashin ƙwarewa ya hana su farawa.

Sai batun daidaito, wanda shi ba ya da daɗin karatu amma ba dan shi ba da harkar ta watse. A farkon shekarun 1930 kowane kamfani da nasa awon taya da nasa maƙalin tarago, ka sayi na wannan ba zai hau layin wancan ba. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu wannan harkar, NMRA, a Milwaukee ɗin dai, Kalmbach na cikin waɗanda suka tsaya, kuma ta mujalla aka yi kiran mutane. Ƙungiyar ta tsayar da ƙa'idoji, har nauyin tarago akwai shawara, a HO oza ɗaya sannan a ƙara rabin oza kan kowane inci na tsawo, wato tarago mai inci 6 ya yi oza 4, dan kada ya riƙa sauka daga layi a kwana. Shi ya sa in mujalla za ta gwada sabon kaya, ba yabon fenti kawai ba ne, za a sa ma'auni a taya, a ɗora a sikeli, a auna gudu, a auna tarago nawa kan jirgin zai iya ja, a kwatanta da zanen na gaskiya. Haka da tsarin DCC ya zo a shekarun 1990, wanda aka gina kan aikin kamfanin Lenz na Jamus, inda kowane kan jirgi ke da ɗan guntun na'urarsa kana ba shi umarni shi kaɗai a layi ɗaya da wasu, mujallu ne suka zauna suka koya wa dattawan da ba su san kwamfuta ba yanda ake liƙa wayoyin.

Ingila kuwa nata labarin daban. Awonsu OO gida 76 ne amma suna tafiya a kan layin HO mai milimita 16.5, alhali in aka bi lissafi ya kamata ya zama 18.83, wato jirgin ya fi layinsa girma kaɗan. Wasu suka ce ba za su iya gani su ƙyale ba, suka koma 18.2, wasu a ƙarshen shekarun 1960 suka ce sai 18.83 cif, su ne 'yan P4, kuma duk wannan muhawarar a shafukan mujallu da wasiƙun masu karatu aka yi ta, kan milimita biyu da ɗoriya. Kada ka raina, wanda zai zauna ya ƙera layinsa da hannu ƙarfe bayan ƙarfe ya san me milimita biyu take nufi. Irin waɗannan mutanen ne aka yi wa Model Railway Journal a 1985. Sannan gidajen Ingila ƙanana ne, ba su da faffaɗan ɗakin ƙasa irin na Amurka, shi ya sa Cyril Freezer, wanda ya riƙe Railway Modeller daga 1950 zuwa 1978, ya shahara da tsara layi a ɗan wuri. Tsarinsa na Minories na 1957, 'yar tashar cikin birni mai dandamali uku da za ta zauna a kan katako a jikin bango, har yau ana kwaikwayonsa. A Amurka kuma abun da ake fara koya wa sabon shiga shi ne layi a kan filawud ɗaya mai ƙafa 4 da 8, irin dai wanda ke kasuwar 'yan katako a nan, mujalla ta bi ka wata bayan wata har ka gama.

Wani ɗan tsokaci da ya shafe mu. Tsohon layin dogo na Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1067 ne, ba 1435 ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. In ka raba 1067 gida 87 za ka samu 12 da ɗan ɗigo, dan haka wanda zai ƙera jirgin Legas zuwa Kano a HO layin milimita 12 zai nema, irin wanda masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu da Queensland ke amfani da shi tunda faɗin layinsu ɗaya da namu. Shi wannan mutumin ba zai samu tashar Zariya a kwali a kanti ba, dole ya je ya auna ya zana ya yanka da kansa, daidai inda mai karatun 1934 ya tsaya.

Yanzu sai inda gizo ke saƙar, talla. Kuɗin da mai karatu ke biya ba ya riƙe mujalla, masu talla ne ke riƙe ta. Kuma gaskiya tallan nan kansa hidima ne, mutumin ƙauye da babu shagon kayan nan kusa da shi, a bayan mujalla yake ganin wani ɗan ƙaramin kamfani na mutum ɗaya da ke zuba tagogi ko tayoyi a garejinsa, ya aika kuɗi a aiko masa. Mujallar ita ce kasuwar. Railway Modeller ma tun 1951 kamfanin Peco ne ke da ita, masu yin layi a garin Beer na Devon. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, da wuya ka ga mujalla ta fito ta ce kayan mai tallanta ba su da kyau sam, sai dai ka koyi karanta lambobin gwajin ka bar kalaman. Abun da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Tun da aka koma yin kayan a China suna zuwa gamammu da fenti da fitila da sauti, kyawunsu har ya fi abun da mutane da yawa za su iya yi da hannu, sai shafukan ga sabon da ya fito suka ƙaru, shafukan ga yanda za ka yi suka ragu. Mai ƙira ba ya kawo wa masu talla kuɗi sosai, farantin roba ɗaya da kwalbar gam sai su kai shi wata, mai saye kuwa kullum yana buɗe sabon kwali. Shi ya sa masu aikin hannu da yawa suka koma ƙananan mujallu irin Narrow Gauge and Short Line Gazette, wadda Bob Brown ya fara a 1975, inda har yanzu zane da ƙira ne kan gaba.

Intanet ma ta girgiza su. Carstens, kamfanin da ya daɗe yana buga Railroad Model Craftsman, ya rufe a 2014, White River Productions suka ɗauki mujallar suka ci gaba. A 2024 kamfanin Kalmbach ya sayar da Model Railroader ga kamfanin Firecrown bayan shekara 90, a shekarar kuma Hattons, ɗaya daga cikin manyan shagunan harkar a Ingila, ya rufe. Tun 2009 Joe Fugate ya fara Model Railroad Hobbyist a intanet kyauta, talla ke biya. Ga kuma YouTube, wanda ba zan ɓoye ba, a wasu abubuwa ya fi takarda nesa ba kusa ba, yanda ake karkata ƙarfen liƙi ko yanda ake shafa garin kala a jikin tarago da buroshi, gani ya kori ji. Amma bidiyo ba ya kwanciya a kan tebur ka ɗora masa rula, kuma ba wanda ya bi bayan mai bidiyon ya duba ko awon da ya faɗa daidai ne, kowa da kyamara malami ne. A mujalla kuwa in aka buga kuskure, bugu biyu gaba za ka ga wasiƙar wani tsohon ma'aikacin jirgi yana cewa ba haka bututun yake ba, na yi aiki a kansa, a buga gyara.

Wani abun da ban zata ba shi ne injin yanka da leza da injin buga abu na 3D sun dawo da darajar tsohon zane. Matashin da ba ya riƙe magagari, a kwamfuta yake ƙirarsa, shi ma dole ya san tsawo da faɗi da tazarar taga, dan haka sai ka gan shi yana tono bugun shekarun 1950 da 1960 a rumbun mujallar na intanet, yana ɗaukar lambobin da wani ya auno da tef a jikin taragon da yanzu babu shi, yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya kafin ya tura wa injin.